Idan kotu ta kama jirgin ruwa: me ake nufi, kuma wa ke ɗaukar asarar jira?

Ta yaya ake kama jirgin ruwa mai tsawon mita 400, kuma in an kama shi ina za a kai shi? Wannan tambaya ta yawaita a watan Afrilun 2021, lokacin da labari ya fito cewa wata kotu a birnin Isma'iliyya na ƙasar Masar ta ba da umarnin a tsare jirgin dakon kaya na Ever Given, wanda ya toshe mashigin Suez kwana shida. Wasu sun ɗauka Masar ta ƙwace jirgin ya zama nata. Wasu sun ɗauka an kulle matuƙansa a kurkuku. Wasu kuma suka ce ai fin ƙarfi ne kawai, babu wata doka a ciki. Duka ukun ba haka ba ne. Kama jirgi wata tsohuwar hanya ce ta shari'ar teku da ake amfani da ita kusan kullum a tashoshin duniya, har da na Legas da Fatakwal, sai dai ba kasafai take shiga labarai ba sai jirgin ya yi suna irin na Ever Given.

Abin da ya faru a Suez

Da safiyar 23 ga Maris, 2021, jirgin yana kan hanyarsa daga Malesiya zuwa Rotterdam ta ƙasar Holan, ɗauke da kwantena kusan 18,000, sai ya karkace a cikin mashigin ana tsakiyar iska mai ƙarfi da ƙura. Goshinsa ya cake a gaɓar gabas, bayansa ya tokare gaɓar yamma. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin mashigin ta kudu da ta arewa. Sai ranar 29 ga wata aka samu aka janye shi, bayan an haƙe yashi mai ɗimbin yawa daga ƙarƙashinsa, jiragen ja fiye da goma suka taru a kansa, ruwa kuma ya yi tashin da ake jira.

Duniya ta yi ajiyar zuciya, jirage suka ci gaba da wucewa. Shi kuwa Ever Given aka ja shi zuwa wani babban tafki da ke tsakiyar mashigin domin a duba lafiyarsa, kuma a nan ya zauna. Hukumar Mashigin Suez ta nemi diyyar dala miliyan 916. Da aka kasa daidaitawa, ta garzaya kotu, kotu ta ce jirgin ba zai motsa ba. Bai bar wurin ba sai 7 ga Yuli. Toshewar kwana shida ce, tsarewar kuwa ta kusa wata uku.

Kamu iri uku da ake cakuɗawa

Akwai tsarewar da jami'an tasha ke yi idan suka duba jirgi suka ga injinsa ko kayan kashe gobararsa ko takardunsa ba su cika ƙa'ida ba. Wannan ba shari'a ba ce, da an gyara sai a sallame shi. Akwai kuma kamun laifi, wanda sojan ruwa ko 'yan kwastan ke yi idan ana zargin jirgi da satar ɗanyen mai ko fasa-ƙwauri, kamar yadda ya faru da jirgin dakon mai na Heroic Idun da aka dawo da shi Nijeriya daga Equatorial Guinea a 2022. A irin wannan, ana iya gurfanar da ma'aikata, har ma gwamnati ta ƙwace jirgin in an same su da laifi.

Na ukun shi ne abin da muke magana a kai, kuma babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Rigima ce ta kuɗi tsakanin mai nema da wanda ake nema a wurinsa. Jirgi ya daki gadar tasha ya rushe ta, ko ya yi karo da wani jirgin, ko ya tsinke bututun mai ko wayar intanet ta ƙarƙashin teku da ƙugiyarsa. Wanda aka yi wa ɓarnar sai ya roƙi kotu ta hana jirgin tafiya har sai an ajiye abin da zai tsaya a madadin diyyarsa. Kotu ba ta ce mai jirgin ya yi kuskure ba, ba ta ma saurari shari'ar ba tukuna. Abin da take yi kawai shi ne ta tabbatar cewa ranar da za a yanke hukunci akwai abin da za a biya da shi.

A aikace ma abin ba shi da wani ban tsoro. Jami'in kotu zai hau jirgin da takardar umarni, ya miƙa wa kyaftin, a wasu ƙasashen ya manna kwafinta a ɗakin tuƙi. A sanar da hukumar tasha kada ta ba jirgin izinin fita. Shi ke nan. Babu sarƙa, babu kwaɗo. Ƙaton jirgi ba ya iya sulalewa daga tasha ba tare da jagoran ruwa da jiragen ja ba, saboda haka takarda ɗaya ta ishe shi.

Me ya sa jirgin ake kamawa, ba mai shi ba?

Duk wanda ya taso a karkara ya san yadda ake yi idan shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, makiyayin kuma ba ɗan garin ba ne. Manomi ba ya tsayawa neman sunan mai shanun. Kora su yake yi zuwa ƙofar gidan mai gari a tsare, domin ya san in suka ƙetare rafi shi ke nan, ba zai sake ganin su ba balle ya ga mai su. Ba mallakarsa suka zama ba, kuma ba yanka su zai yi ba. Amma muddin suna tsare, mai su zai zo da ƙafarsa, a je a duba gonar, a ƙiyasta ɓarna. Hikimar kama jirgin ruwa ke nan.

Dubi Ever Given kansa. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinsa na kamfanin Evergreen ne na Taiwan, amma su haya suka ɗauke shi. Masu shi kamfanin Shoei Kisen Kaisha ne na Japan. Tutar da yake ɗauke da ita ta Panama ce, domin can aka yi masa rajista. Masu kula da injinsa da ɗaukar ma'aikatansa kamfanin Bernhard Schulte ne mai asali a Jamus. Ma'aikatan 25 'yan Indiya ne. Inshorar da ke ɗaukar nauyin ɓarnar da ya yi wa wasu tana hannun UK P&I Club a Landan. To in jirgin ya fice daga ruwan Masar, wa za a kai ƙara, kuma a kotun wace ƙasa? Ko an ci nasara, ta yaya za a tilasta biyan?

Wannan ma jirgi ne na manyan kamfanoni da aka sani. Da yawa daga cikin jiragen da ke yawo a teku, kowanne an yi masa kamfaninsa na kansa a takarda, kamfanin da ba shi da ofis sai akwatin gidan waya a Laberiya ko Tsibiran Marshall, ba shi da wata kadara a duniya sai wannan jirgin guda ɗaya. Da gangan ake yin haka, don kada bashin jirgi ɗaya ya shafi sauran. Saboda haka dokar teku, musamman a ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila kamar Nijeriya da Ghana, ta yarda a shigar da ƙara a kan jirgin kansa, a rubuta sunansa a matsayin wanda ake ƙara, kamar mutum. In mai shi ya bayyana ya kare kansa, to. In ya ƙi, a sayar da jirgin a biya masu bin bashi.

Ba kowane bashi ake kama jirgi a kansa ba

In mai jirgi yana da bashin gina otal, ba za a tsare masa jirgi a kan wannan ba a yawancin ƙasashe. Dole da'awar ta kasance ta harkar teku. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Brussels a 1952, wadda Masar da Nijeriya duk suna cikinta, ta lissafo iri 17, kuma na farko a jerin shi ne ɓarnar da jirgi ya yi, ta karo ko ta wata hanya. Sauran sun haɗa da rasa rai ko rauni, ladan ceto, lalacewar kayan da aka ɗauko, albashin ma'aikata, kuɗin gyara da sauransu. Wata sabuwar yarjejeniya ta Geneva ta 1999, wadda ta fara aiki a 2011, ta faɗaɗa jerin zuwa 22, ta shigo da gurɓata muhalli, amma ƙasashen da suka shige ta ba su da yawa.

A cikin waɗannan akwai 'yan kaɗan da doka ta ba wani ƙarfi na musamman: ɓarnar da jirgi ya yi, ladan waɗanda suka cece shi, da albashin ma'aikatansa. Haƙƙi irin wannan yana manne wa jirgin ne tun daga lokacin da abin ya faru, kuma yana bin sa ko an sayar da shi, ko an sake masa suna da fenti. Wanda ya sayi jirgin da ya rushe gada a bara, ba tare da ya sani ba, yana iya wayar gari ya ga an kama masa shi a wata tashar. Sai dai haƙƙin yana da wa'adi, in aka yi sakaci ya faɗi.

Akwai kuma damar kama wani jirgin dabam na mai shi ɗaya in wanda ya yi ɓarnar ya tsere, kuma wannan damar ce ainihin dalilin da ya sa ake raba jirage kamfani-kamfani. Jiragen yaƙi kuwa ba a taɓa su. A Oktoban 2012 wata kotu a Ghana ta tsare jirgin horar da sojan ruwan Ajantina mai suna Libertad a tashar Tema, bisa buƙatar wani kamfanin zuba jari da ke bin Ajantina bashi. Kotun dokokin teku ta duniya da ke Hamburg ta ba da umarnin a sake shi a Disamba, aka sake shi.

Yadda ake sakin jirgi, da dalilin da na Suez ya daɗe

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yawancin kamun ba ya wuce 'yan kwanaki, wani ma ba a kai ga yin sa. Jirgin da ke tsaye asara yake ci: kuɗin haya na dubun-dubatar daloli a rana in babba ne, albashi, mai, kuɗin tasha, ga masu kaya suna buga waya. Don haka da lauyan mai ƙara ya nuna yana shirin zuwa kotu, sai ƙungiyar inshorar jirgin ta rubuto takardar lamuni: ku bar jirgin ya tafi, mun ɗauki alkawarin biyan duk abin da kotu ta yanke ko aka daidaita a kai, har zuwa adadi kaza. Manyan ƙungiyoyin nan goma sha biyu ne a yanzu, suna ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen duniya, kuma takardarsu tana da daraja kamar ta banki. Da an karɓa, sai jirgi ya kama hanya, shari'a kuma ta ci gaba shekara da shekaru babu wanda ya damu.

A Suez wannan hanya ba ta yi aiki da wuri ba, domin tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta yi yawa. Cikin dala miliyan 916 da hukumar ta nema, miliyan 300 ladan ceto ne, wata miliyan 300 kuma ta zubewar mutuncin mashigin a idon duniya. Masu inshora suka ce yawancin wannan lissafi ba shi da hujja. Shugaban hukumar, Osama Rabie, ya ce masu jirgin sun taya dala miliyan 150. Daga baya hukumar ta sauko zuwa miliyan 600, sannan 550, tana mai cewa da farko ta ɗauka kayan da ke cikin jirgin sun kai dala biliyan 3, sai daga baya aka nuna mata ba su wuce miliyan 775 ba.

Kowane ɓangare na da abin faɗa. Masar ta ce gaɓar mashigin ta lalace, ta kashe kuɗi wajen haƙa da janyewa, wani ƙaramin jirginta ya kife a wajen aikin har mutum ɗaya ya rasu, kuma tana asarar dala miliyan 12 zuwa 15 na kuɗin shiga a kowace rana. Ta ce jirgin yana gudu fiye da ƙa'ida, kuma a dokar mashigin, ko da jagororin hukumar suna cikin ɗakin tuƙi, shawara kawai suke bayarwa, alhaki na kan kyaftin. Lauyoyin masu jirgin suka ce tun farko bai kamata a bar jirgi mai wannan girman ya shiga cikin irin wannan iska ba, balle babu jiragen ja da ke rakiyarsa, kuma jagororin na hukumar ne.

A ganina, ɓarnar gaɓa da kuɗin aikin ceto haƙƙi ne da ba a jayayya a kansa. Amma kuɗin shiga na kwana shida, ko an ɗauki mafi yawan ƙiyasin, bai kai dala miliyan 100 ba, kuma mafi yawan jiragen da suka jira daga baya sun wuce sun biya. Miliyan 300 ta zubewar mutunci kuwa da wuya ta tsaya a gaban kowace kotun da ba ta gida ba. An sa ta ne don a samu abin ragewa. A nan ne ake ganin ɗaya fuskar kama jirgi: wanda jirgi ke hannunsa shi ke da lokaci, wanda jirginsa ke tsare kuwa kowace rana kuɗinsa ke zuba. Ga shi kuma a nan mai ƙarar hukumar gwamnati ce, kotun ta ƙasarta ce, mashigin da kowane jirgin kamfanin zai sake bi gobe shi ma nata ne. An daidaita a farkon Yuli, aka yi bikin sa hannu a Isma'iliyya, ba a bayyana adadin kuɗin ba, sai dai Rabie ya ce Masar za ta samu sabon jirgin ja a cikin yarjejeniyar.

In aka kama jirgi ba bisa haƙƙi ba fa? Samun diyya na da wuya. A Ingila, tun wani hukunci na 1858, sai mai jirgi ya nuna an yi kamun da mugun nufi ko da sakaci mai tsanani. Dokar Nijeriya ta 1991 kan shari'o'in teku ta ɗan sassauta, ta ce wanda ya kama jirgi ko ya nemi lamunin da ya wuce kima ba tare da dalili mai kyau ba zai biya asarar da ya jawo.

Diyya tana da iyaka

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne mai jirgi na iya zuwa kotu ya ce ko da laifina ne, abin da zan biya ba zai wuce kaza ba. A yawancin ƙasashe ana lissafa iyakar ne da girman jirgin, bisa yarjejeniyar 1976 da gyaranta na 1996. Masu Ever Given sun shigar da irin wannan buƙata a Landan. A Amurka doka ce ta 1851 ke aiki, inda iyakar ita ce darajar jirgin bayan haɗarin da kuɗin dakon tafiyar. Da jirgin Dali ya rushe gadar Francis Scott Key a Baltimore ranar 26 ga Maris, 2024, masu gyaran hanya shida da ke aiki a kan gadar suka mutu, masu jirgin sun nemi a taƙaita abin da za su biya a kusan dala miliyan 44, alhali sake gina gadar zai ci fiye da biliyan ɗaya. Sun dai biya gwamnatin tarayya kimanin miliyan 102 na kuɗin share hanyar ruwan. An kafa wannan tsari ne tun zamanin da haɗari ɗaya kan karya ɗan kasuwa gaba ɗaya, kuma har yau ana gardama ko ya dace da zamanin manyan kamfanoni masu inshora.

Masu kaya da ma'aikata

Umarnin kotu jirgi ya shafa, amma kwantenonin da ke cikinsa ba su da ƙafa. Kayan kamfanoni irin su IKEA da Lenovo, da na ƙananan 'yan kasuwa da ba wanda ya ji sunansu, duk sun kwana a tafkin nan, ba su isa Rotterdam ba sai ƙarshen Yuli. Mai kayan sanyi ko kayan da ake jira don wani lokaci na musamman ya riga ya yi asara.

Bayan jiran kuma ga wani cajin. Masu jirgin sun ayyana tsarin raba asara, wata tsohuwar ƙa'ida da ke cewa in an kashe kuɗi ko an sadaukar da wani abu don a ceci jirgi da kayansa baki ɗaya, to kowa zai ɗauki rabonsa gwargwadon darajar dukiyarsa da ta tsira. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun tattauna makamancin wannan a mas'alar jefa kaya cikin teku don jirgi ya yi sauƙi. Ma'anarsa a yau ita ce ba za a ba ka kwantenarka ba sai ka kawo lamuni. Mai inshorar kaya, kamfaninsa ne zai sa hannu. Wanda bai yi ba, sai ya ajiye tsabar kuɗi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi da ke ɗauko kaya daga Sin ko Dubai ta Apapa ko Kwatano ko Lome yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida, domin tana rubuce a bayan takardar dakon da wakilinsa ya karɓa, kuma da yawa ba sa yin inshorar don rage kashe kuɗi. Shi ma, in kayansa suka lalace a hannun jirgi, yana da damar neman a kama jirgin. A Nijeriya Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin wannan, kuma ana neman umarnin ne ba tare da an sanar da ɗaya ɓangaren ba, don kada jirgin ya ji ya gudu.

Ma'aikatan Ever Given sun yi sa'a, masu jirgin na da ƙarfi, ana biyansu ana ciyar da su, an kuma bar wasu sun koma gida aka kawo madadinsu. Matsalar tana tasowa ne idan bashin ya fi darajar jirgin, mai shi ya ga gara ya bar shi. A daidai lokacin da ake takaddamar Ever Given, ba nisa da wurin, wani ma'aikaci ɗan Siriya ya shafe kusan shekara huɗu a cikin jirgin Aman da aka tsare tun 2017, saboda kotu ta naɗa shi mai kula da jirgin. A ƙarshe shi kaɗai ya rage, babu wuta, yakan yi iyo zuwa gaɓa don ya samo abinci ya yi cajin waya. Sai a Afrilun 2021 aka sallame shi, bayan ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ta samo wanda zai tsaya a madadinsa. Jirgin Rhosus ma haka aka tsare shi a Beirut tun ƙarshen 2013, mai shi ya yi watsi da shi, aka sauke tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da ke cikinsa aka zuba a rumbun tasha, har ya fashe ranar 4 ga Agusta, 2020, ya hallaka mutum fiye da 200.

Hanyar da doka ta tanada don kada a kai ga haka ita ce kotu ta yi gwanjon jirgin da wuri, tun bai ruɓe ba. Wanda ya saya daga hannun kotu yana samun sa babu wani tsohon bashi a kansa, duk da'awar da ake yi sai ta koma kan kuɗin. Daga nan a fara cire abin da kotu ta kashe wajen tsarewa da sayarwa, sai masu haƙƙin da ke manne da jirgin, wato ma'aikata da masu ceto da wanda aka yi wa ɓarna, sannan bankin da jirgin ke jingine a wurinsa. Masu sayar wa jirgi mai da abinci da kayan gyara su ne a ƙarshen layi, kuma sau da yawa kafin a zo kansu kuɗin ya ƙare.